Salula, Sola da Mota Mai Batir: Me Ya Shafi Dogon Dutsi da Tibiri a Labaran Sabbin Na'urori?

Kusan kowane mako sai wani sabon bidiyo ya zaga wayoyin jama'a. Yau motar da ba ta shan mai, gobe salula mai naɗewa biyu, jibi wani faifai da aka ce yana jawo intanet daga sama ko da a tsakiyar daji. Bidiyon kan isa Matankari da Gesheme a ranar da ya isa Yamai da Kano, amma kayan da yake nunawa ba sa biyo shi, kuma bayanin da ke tattare da shi yawanci talla ce, wani lokacin ma ƙarya ce tsagwaronta. Shi ya sa fahimtar mutane ta rabu gida biyu. Wasu sun ɗauka saura ƙiris a daina sayen fetur a duniya. Wasu kuma suna ganin duk wannan sha'anin masu hannu da shuni ne na manyan birane, bai shafi manomin gero ba. Kowane ɓangare akwai gyara a maganarsa.

Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri su ne ƙasar Arewa ta jihar Dosso. A da gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka cire Tibiri, tare da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa, ta tsaya da ƙafarta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 600,000 a cikinsu, mafi yawa mazauna karkara. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa yankin, iyakar Najeriya kuma, ta wajen Kebbi da Sakkwato, tana nan kusa. A irin wannan wuri, kafin a yaba kyawun na'ura sai an tambayi inda za ta sami wuta da wanda zai gyara ta ranar da ta tsaya. Salula da fitilar caji da babur mai batir da motar lantarki duk a kan batir suka dogara, kuma wanda ya gane lissafinsa zai iya auna kowane labari da kansa.

Kalmomin da ke rikita mutane

Batir kamar randa yake: abin da aka zuba masa shi yake bayarwa, har da ɗan ragi, ba ya haifar da wuta da kansa. Iri biyu ne suka fi yawa a hannun jama'a. Akwai mai dalma da ruwa a ciki, mai nauyi, irin na tada mota, wanda gidaje da shaguna ke haɗawa da sola saboda arharsa. Akwai kuma na litiyom, wani ƙarfe mara nauyi da ake haƙowa a Ostareliya da Zimbabuwe, yanzu har da Mali da Najeriya. Shi ne a cikin salula da kwamfutar hannu da motocin lantarki. Ya fi tsada wajen saye, amma ya fi ɗaukar wuta, ya kuma fi jure cikawa da ƙarewa kullum.

Sola, ko fano kamar yadda ake cewa a Nijar, faranti ne da ke juya hasken rana ya zama lantarki. Da hasken yake aiki, ba da zafin ba. Zafi mai tsanani ma rage masa ƙarfi yake yi, haka ƙurar hunturu idan ta lulluɓe shi ba a goge ba. Kuran kuwa sunan da ake ba wutar kamfani ne, wato ta NIGELEC. Wat ma'aunin ƙarfin wuta ne a lokaci guda, kilowat-awa kuma ma'aunin yawanta: na'ura mai wat 1,000 idan ta yi awa 1 tana aiki, ta sha kilowat-awa 1, kuma shi ne abin da mitar gida ke ƙirgawa. Alamar mAh da ake rubutawa a kwalin salula girman batirinta take nunawa.

Ga inda lissafin yake da amfani. Salula mai mAh 5,000 tana ɗaukar kusan kashi 2 cikin 100 na kilowat-awa 1, wato kilowat-awa 1 zai cika irinta sama da 40. Babur mai batir na aikin haya kan ɗauki kilowat-awa 3 zuwa 4. Matsakaiciyar motar lantarki kuwa 40 zuwa 60 take ɗauka. Faranti mai wat 300, a irin ranar da ake yi a Arewa, zai iya ba da kusan kilowat-awa 1 da rabi a yini. Ke nan faranti 1 ya ishi shagon caji, 3 za su cika babur, amma mota sai an jera mata 30 ko fiye kafin ta cika a yini guda. Tsakanin salula da mota akwai ninki sama da 2,000. Yawancin ruɗanin da ake samu daga rashin sanin wannan tazara yake fitowa.

Sai kuma a lura cewa “motar lantarki” a labarai ba abu ɗaya ba ce. Akwai mai batir zalla, wadda ba ta da tankin mai. Akwai mai haɗa batir da injin fetur, wadda ke komawa kan mai idan caji ya ƙare. Alƙaluman da ake yaɗawa sukan haɗa su duka a wuri ɗaya.

Yadda salula ta zama kayan aiki

Salula ta shigo Nijar a 2001. Kamfanin Celtel na wancan lokaci shi ne ya koma Zain, daga baya a 2010 ya zama Airtel. Orange ta zo a 2008, ta sayar da hannun jarinta a 2019, aka sami Zamani. Akwai Moov Africa, akwai kuma Niger Telecoms na gwamnati, wanda aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Hukumar ARCEP ce ke sa ido a kansu.

Tun ba a je ko'ina ba amfaninta ya bayyana a kasuwa. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda rizo ya isa, wato siginar da ke haɗa waya da eriyar kamfani. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ya daina hawa mota don jin tsadar gero a wani gari, kira ɗaya ya ishe shi. A 2009 da 2010 kuma an gwada wani shirin yaƙi da jahilci a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, inda aka koya wa wasu manya amfani da ƙaramar salula tare da karatu. Waɗanda suka sami wannan ƙarin sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi. Duk wannan da waya mai madannai aka yi shi, ba kyamara, ba intanet.

Yau ɗan ci-rani da ke Legas ko Abijan ko Libiya da saƙon murya na WhatsApp yake magana da gida, kuma saƙon muryar nan ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya karatun boko ba fiye da kowace sabuwar fasaha. Kuɗi kuwa, a Nijar kamfanonin aike irin su NITA da Amana da Al Izza ne suka fi karɓuwa, ba kamar Kenya ba inda asusun salula ya mamaye komai, ko da yake su ma yanzu sun fito da manhajojinsu na waya.

Wayoyin da suka cika teburan kasuwa, Tecno da itel da Infinix, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Bai yi nasara da ƙawa ba. Ya lura cewa mai saye yana son layi biyu a waya ɗaya saboda rizo na yankewa, yana son batir mai daɗewa saboda caji na kuɗi ne, yana son kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau. A garuruwan bakin iyaka layi biyun ma ya zama dole, domin wani wuri siginar Najeriya ta fi ta gida ƙarfi.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba labaran sabbin wayoyi. Alamar 5G a kwali ba ta ƙara komai inda eriyar garin ba ta ba da 5G, kuma ƙauyuka da yawa har yanzu 4G ɗin ma fama ake da ita. Waya mai naɗewa tsada ce da saurin lalacewa a wurin da ke da rairayi. Labarin da ya fi shafar aljihu ba a cika yin bidiyonsa ba. Tun ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta wajabta bakin caji iri ɗaya, USB-C, har iPhone ta koma kansa tun 2023, abin da ke nufin caja ɗaya za ta riƙa yi wa wayoyi da yawa. A ɗaya gefen, daga ƙarshen 2025 ƙwayoyin ajiyar bayanai da ake sa wa wayoyi sun yi tsada saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe su, kuma wayoyi masu arha su ne irin wannan tsadar ta fi taɓawa.

Hanyar da kaya ke biyowa ma tana cikin farashi. An rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da ke zuwa ta Kwatano da Gaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Faɗuwar naira bayan Yunin 2023 ta sa mai sefa ya ga kamar kasuwannin Kano da Sakkwato sun yi arha, amma waya da dala ake shigo da ita, don haka ragin bai kai na kayan da ake yi a Najeriya ba.

Ina wutar take?

Kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuma adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma babban layin yammacin ƙasa daga Birnin Kebbi yake tasowa, ya bi ta Dosso zuwa Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba ta dawo ba sai a Maris 2024. Watannin nan sun koya wa masu shaguna da masu sanyaya ruwa abin da wata talla ba ta koya musu ba, suka nufi sola.

Gwamnati na da nata ayyukan. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta shiga layi a ƙarshen 2023, madatsar Kandaji da ake sa ran za ta ba da megawat 130 kuma har yanzu ba a kammala ta ba. Amma ko an ƙara wuta a tushe, jan waya zuwa kowane ƙauye na Dogon Kiriya ko Sukukutan aiki ne mai tsada da ɗaukar lokaci, domin gidajen a warwatse suke kuma abin da kowane gida zai sha kaɗan ne.

Abin da ya sauya lissafi shi ne faɗuwar farashin faranti da batir. Daga 2010 zuwa yau kowannensu ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a kasuwar duniya, saboda yawan masana'antun ƙasar Sin. Cibiyar bincike ta Ember ta ƙiyasta cewa a shekara 1 zuwa Yunin 2025 ƙasashen Afirka sun shigo da farantan megawat 15,000 daga Sin, ƙarin kashi 60 cikin 100 kan shekarar da ta gabata, Najeriya kuma ita ce ta biyu wajen saye. Abin da ya cika kasuwannin Najeriya ba ya daɗewa bai ƙetaro iyaka ba. Batun ba baƙo ba ne a Nijar: Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun 1969. Ilimin ya daɗe, arhar ce sabuwa.

A Arewa, injin mai na farko da sola ke iya turewa shi ne na ban-ruwa. A kwarin Dallol Mawri ruwa na kusa da ƙasa a wurare da yawa, Dogon Dutsi kuma ta yi suna da noman dankalin turawa da kayan lambu na rani. Famfon sola da rana yake aiki, lokacin da ake bukatar ruwan, don haka ba ya neman batir, wato an kauce wa ɓangaren da ya fi tsada da saurin mutuwa. Mai lambu yana biyan kuɗi sau ɗaya ya huta da sayen fetur kowace safiya. Cikas ɗin shi ne kuɗin farkon, da kuma tsoron ɓarayin faranti. Bayan injin ban-ruwa sai ƙaramin janareta na shago, sai fitila da fanka da firji.

Mota ko babur?

Gaskiya ne motar lantarki ta yi nisa a duniya. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2024 an sayar da sama da miliyan 17, fiye da 1 cikin kowace sabuwar mota 5, kuma sama da miliyan 11 daga ciki a ƙasar Sin. A 2025 kamfanin BYD na Sin ya wuce Tesla na Amurka wajen sayar da masu batir zalla. A Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024, amma tana da dalilinta: duk man da take sha sayowa take yi da kuɗin waje, ga ta da wutar madatsun ruwa mai arha. Kusa da gida, a Afrilun 2021 an buɗe tashar cajin mota mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt, ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta Najeriya. A Maiduguri kuma gwamnatin Borno ta sa motoci da kekuna masu batir cikin sufurin gari.

Sai dai waɗannan misalai na cikin birni ne, inda mota ke zagaye ta dawo wurin cajinta. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kimanin kilomita 275 ne, tafiyar da za ta cinye kusan batirin matsakaiciyar mota gaba ɗaya, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ga na'urar sanyaya ciki tana jan nata rabon. Kafin direban haya ya yarda da ita sai ya tabbata akwai wurin cajin gaggawa a Dosso ko Birnin Gaure, kuma irin wannan wuri guda ɗaya yana jan wutar da ta kai ta gidaje masu yawa. Ga kuma yadda ake sayen mota a Nijar: yawanci ta hannu ce daga Turai, mai shekaru, wadda kowane makaniki ya san cikinta. Tsohuwar motar lantarki darajarta na cikin batirinta, kuma zafi ne babban abin da ke tsufar da batirin litiyom. Wanda ya saye ta ba tare da gwada lafiyar batirin ba zai iya tarar da kuɗin canjinsa ya kusa kuɗin motar.

Babur labarinsa daban. A ƙaddara ɗan kabu-kabu na shan lita 2 da rabi a kilomita 100. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, kusan sefa 1,250 ke nan. Babur mai batir zai yi wannan tafiya da kimanin kilowat-awa 4, idan an ƙaddara kowane a sefa 100, sefa 400 ke nan. Mai yin kilomita 100 a yini na iya rage sama da jika 200 a shekara, ban da baƙin mai da fulogi da ba ya saye. Wannan lissafi ne ya sa kamfanin Spiro ya bazu a Benin da Togo tun 2022, daga baya ya shiga wasu ƙasashe har da Najeriya. Dabararsa ita ce batirin na kamfani ne: idan ya ƙare, ɗan acaɓa ya tsaya a tasha ya miƙa shi, a ba shi cikakke cikin mintoci.

Dabarar tana bukatar cunkoson masu babura a wuri ɗaya kafin tasha ta mayar da kuɗinta. Cikin garin Dogon Dutsi, ko tsakanin Kore Mai Ruwa da Tibiri, ana iya tunaninta. Amma baburin da ke ɗaukar mutum 2 da buhu ya shiga rairayi zuwa ƙauye mai nisa zai sha caji fiye da abin da aka rubuta a takarda, kuma idan ya mutu a hanya babu kwalbar da za a saya a zuba. Keke mai ƙafa uku na dakon kaya da ruwa a cikin gari ya fi kowa dacewa da batir, domin tafiyarsa gajera ce kuma a wuri ɗaya yake kwana.

Abin da zai hanzarta ko ya jinkirta wannan sauyi shi ne farashin mai. Shekara da shekaru yankunan iyaka sun dogara da ruwa-ruwa, fetur ɗin Najeriya mai tallafi da ake sayarwa a kwalabe. Da Shugaba Tinubu na Najeriya ya cire tallafin a 29 ga Mayun 2023, wannan arha ta kau, jama'a suka koma gidajen mai, matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a yini ta kasa ɗaukar nauyin, har aka yi ƙarancin mai a Maris 2025.

Motar da ke cajin kanta

A Janairun 2025 wani ɗan Zimbabuwe, Maxwell Chikumbutso, ya nuna wa shugaban ƙasarsa motar da ya ce ba ta bukatar mai ko caji. Bidiyon ya zaga Afirka. Babu wani gwaji mai zaman kansa da ya tabbatar da iƙirarin, kuma ya saɓa wa abin da aka sani na kimiyya: motsi na cin makamashi, dole ya fito daga wani wuri. Haka batun ITAOUA ta Burkina Faso, wadda aka yaɗa a matsayin motar da aka ƙera a Sahel daga tushe, alhali masu bin diddigi sun nuna samfuran Sin ne. Haɗa mota a gida abin yabo ne, kuma da haka masana'antu da yawa suka fara, amma haɗawa daban, ƙerawa daban.

Ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke kwaikwayon magana da hoto da muryar mutum, ta ƙara dagula lamarin. A Mayun 2025 fadar Vatican ta ƙaryata wani bidiyo da aka haɗa da muryar Paparoma Leo yana jawabi ga Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso. Mai turawa ma ya kula, domin tun Yunin 2024 dokar laifukan intanet ta Nijar ta maido da hukuncin ɗauri kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a.

Intanet daga sama

Starlink, na kamfanin SpaceX, yana aiko da intanet daga taurarin ɗan Adam masu shawagi kusa da ƙasa zuwa wani faifai da ake kafawa a rufi. Nijar ta ba shi izini a ƙarshen 2024, ya fara aiki a hukumance a Maris 2025. Ba kyauta ba ne kamar yadda wasu ke zato. Ana sayen kayan, ana biyan kuɗin wata, faifan kuma na shan wutar da sai an tanadar masa faranti da batir nasa. Ya fi ƙarfin gida ɗaya na manomi, amma ya dace da asibitin karkara, ko makaranta, ko matashin da zai kafa shi a kasuwa ya riƙa sayar da awa. Damuwar hukumomi ita ce tsaro, domin an sha ba da rahoton ƴan bindiga a Sahel na amfani da shi, ga kuma matsalar ƴan bindigar Lakurawa a kan iyakar Kebbi da Sakkwato.

Inda ra'ayoyi suka bambanta

Masu zumuɗi na cewa yadda salula ta tsallake tarho mai igiya, haka sola da batir za su tsallake turakun NIGELEC. Suna da hujja a kan fitila da caji da famfo. Hujjar na raguwa idan aka zo kan injin niƙa da walda da masana'anta, inda wutar layi mai ƙarfi ta fi arha.

Wasu na cewa ƙasar da ke da man kanta, har bututunsa ya ratsa jihar Dosso zuwa gaɓar Benin tun 2024, ba ta da dalilin gaggawa. Amma ɗanyen mai ne ke bin bututun, wanda ake zubawa a babur kuwa daga matata yake fitowa, kuma an ga iyakarta. Akwai masu ganin duk kuɗin da ya tafi kan na'ura ƙasar Sin ya tafi, an sauya dogaro da wani dogaro ne kawai. Wannan magana ce mai nauyi, ko da yake faranti sau ɗaya ake sayensa ya yi shekara 20 ko fiye, mai kuwa kullum ne. Iyaye da malamai na kokawa kan abin da yara ke kallo da kuɗin da ke tafiya a sayen data, kuma kukansu na da tushe. Makanikai da masu sayar da mai a kwalba su ma suna da dalilin fargaba, sai dai sauyin ba zai zo dare ɗaya ba.

Gyara da tsohon batir

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi ke nan. Kasuwa cike take da farantan da ba su kai wat ɗin da aka rubuta musu ba, da batura da aka sake wa kwali, da wayoyin jabu. Mai sayen waya zai iya danna *#06# ya gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali. Mai sayen sola kuwa ya nemi a auna masa farantin a rana, a rubuta masa garantin batir a takarda. Yawancin haɗin da ke mutuwa da wuri ba laifin farantin ba ne: an ɗora wa ƙaramin batir kaya fiye da ƙarfinsa, ko an ajiye shi a ɗakin kwano mai zafi, ko an haɗa ba tare da na'urar daidaita caji ba. Aiki ne da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi za su iya koyarwa cikin watanni, kuma ya fi kusa da samar wa matasa abin yi fiye da jiran masana'antar mota.

Batirin dalma a irin wannan zafi bai cika wuce shekara 2 ko 3 ba, kuma yawansa ƙaruwa yake yi tare da yawan sola. Masu fasa shi su narka dalmar a cikin unguwa suna jefa yara cikin haɗari, domin dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa. Makwabta a Zamfara sun ga illarta a 2010, lokacin da ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. Na litiyom kuma idan ya kumbura ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Hanya mafi sauƙi da wasu ƙasashe ke bi ita ce a wajabta wa mai sayarwa karɓar tsohon batir ya rage wa mai saye kuɗin sabo, daga nan a tara su a kai inda ake sarrafa su da kariya. Wannan tsari ne da hukumomin gari da ƴan kasuwar Dogon Dutsi da Tibiri za su iya farawa tsakaninsu tun yawan baturan bai fi ƙarfin tarawa ba.